Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa masu shirin ƙaura zuwa bayan gari

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni dai ba injiniya ba ne, kuma ban taɓa riƙe asusun ko da ƙungiyar unguwa ba. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na haura shekara talatin ina sayen tikiti da kuɗin aljihuna ina shiga filin wasa, ko ana rana ko ana ruwa, ko muna ci ko ana lallasa mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku yi haƙuri ku saurare ni har ƙarshe.

Duk lokacin da wata ƙungiya ta sanar da cewa za ta gina sabon fili, hoto iri ɗaya ake nuna mana. Kwamfuta ce ta zana shi: ga fitilu, ga gilasai suna walƙiya, ga ɗakunan manyan baƙi, ga wurin ajiye motoci iyakar ganinka. Kuma kullum daga sama ake ɗaukar hoton, sai ka ce tsuntsaye ne za su zo kallo. Ban taɓa ganin an nuna hanyar da za ta kai mutum wurin ba, balle wadda za ta mayar da shi gida ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Alhali mu da muke cika kujerun nan, a ƙasa muke tafiya, wasu a bas, wasu a jirgin ƙasa, wasu da sawunsu.

Ba na zarginku da mugunta. Na san abin da ke tura ku. Fili a tsakiyar gari tsada gare shi, ga ƙunci, ga maƙwabta masu ƙorafin hayaniya. Tsofaffin filaye da yawa an gina su ne tun kafin mota ta yawaita, gidaje sun kewaye su ta kowace kusurwa, babu inda za a ƙara ko taku ɗaya. Akwai kuma batun rayukan mutane. Bayan turmutsitsin filin wasa na Hillsborough a Ingila a 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, rahoton mai shari'a Taylor na 1990 ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila sa kujeru a ko'ina, aka daina tsayuwa. Wurin da ke ɗaukar mutum dubu goma a tsaye ba zai ɗauki haka a zaune ba, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka tattara suka nemi sarari. Sannan ga dillalai suna raɗa muku cewa kuɗin tsohon filin kaɗai ya isa ya ɗauki rabin aikin sabon. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai araha ba ta ado. Kuɗin da kuka rage wajen sayen fili a bayan gari ba ɓacewa ya yi ba, kan magoya baya kuka mayar da shi, kuma su za su riƙa biyansa duk bayan mako biyu, da kuɗin mota da lokacinsu da barcinsu, har illa ma sha Allahu.

Bari in gaya muku yadda aka yi na zama magoyin baya, domin ina jin haka aka yi yawancinmu. Ban zaɓi ƙungiyata ba. Mahaifina ne ya riƙe hannuna wata ranar Asabar muka fita, tafiyar minti ashirin a ƙafa. Muna fitowa daga layinmu mu biyu ne kacal. A mahaɗa ta gaba mun zama goma, kowa da launin riga iri ɗaya. Kafin mu hango fitilun filin, titi ya cika maƙil, motoci sun haƙura sun tsaya, ana ta musu kan wa za a sa a gaba da wa za a ajiye a benci. Ni da ko kafaɗar mutane ban kai ba, sai ƙafafu nake gani, amma na ji a jikina cewa na shiga cikin wani abu da ya fi gidanmu girma. Na manta sakamakon wasan ranar. Tafiyar ce ban manta ba. Da na kai shekara goma sha biyu, ni kaɗai nake zuwa da abokaina, ba mai raka mu, ba mai fargaba. Sau da yawa saura rabin awa a take leda za mu yanke shawarar tafiya. Wani ya leƙo ya ce "ku zo mu je", shi ke nan. Zumunci a ƙafa yake, kuma goyon bayan ƙungiya ma zumunci ne. Sabo ne da ke ginuwa saboda abin yana kusa, yana da sauƙi, kuma ana maimaita shi har ya zama jiki.

Shekaru bayan haka ƙungiyar tamu ta ƙaura. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Fili ne mai kyau, ba ƙarya, daga kowace kujera kana ganin raga biyu tar. Wata Laraba da dare na ɗauki ɗana, yana ɗan shekara tara, muka tafi wasan kofi. Bas biyu muka shiga, na biyun ya maƙale a cunkoso domin hanya ɗaya ce tak ke shiga wurin, muka isa an yi minti goma sha biyar da farawa. Tun daga hutun rabin lokaci idona na kan agogo, saboda na san lokacin da bas na ƙarshe ke tashi. Ana minti tamanin, wasa kunnen doki, na ja hannunsa muka miƙe, kuma ba mu kaɗai ba, layi guda ne na iyaye da yara da dattawa suna sulalewa. Muna tsakiyar fegin motoci muka ji filin ya ɗauka da ihu. An zura ƙwallo. Yaron ya tsaya cak ya juya yana kallon bangon filin, bai ce komai ba. Sai da muka zauna a bas ya ce, "Baba, wani karon mu kalla a talabijin mana, a nan ne ake ganin ƙarshe." Na rasa amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa.

Wannan yaron shi ne asarar da ba ta fitowa a takardunku. Irina, waɗanda abin ya riga ya shiga jini, ko a duniyar wata kuka gina fili za mu nemi hanya. Mu ne kuke gani a kakar farko kuna cewa ai ga shi mutane sun biyo mu. Ga kuma ɗokin sabon abu, kowa na son ya je ya ga gini ya ɗauki hoto. Waɗanda ke zubewa a hankali su ne yaron da ba za a bari ya yi doguwar tafiya shi kaɗai ba, da dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala, da ma'aikacin da ke tashi aiki ƙarfe shida, da uwar da ba za ta yarda dare ya yi mata a hanya da yara ba, da mutumin da ba ya zuwa sai ya ga dama. Irin wannan na ƙarshe kada ku raina shi, domin kowane riƙaƙƙen magoyin baya daga nan ya fara. Ba za ku gane sun tafi ba sai shekara ta biyar ko ta shida, ɗoki ya wuce, ƙungiya na tsakiyar teburi, an zo wasan tsakiyar mako da wata ƙaramar ƙungiya, ku ɗaga kai ku ga kujeru sun fi mutane yawa.

Kada ku ce labarin mutum ɗaya ne. An gwada abin a zahiri, kuma an ga sakamako. A 2013 rikicin kuɗin haya ya sa Coventry City ta bar filinta ta koma buga wasannin gida a Northampton, tafiyar sama da kilomita 50. Ƙungiyar da ke tara mutum sama da dubu goma a kakar da ta gabata sai ga ta tana wasa gaban mutum dubu biyu da 'yan kai. Wasu magoya bayan sukan yi tafiyar har can, amma su ƙi shiga, su tsaya kan wani tudu da ke kallon filin, su hango wasan daga nesa, don kada kuɗinsu ya shiga aljihun waɗanda suka raba su da gida. A Satumbar 2014 ƙungiyar ta dawo Coventry, kuma a wasan farko da Gillingham mutum sama da 27,000 suka shiga. Rukunin bai canja ba, na uku ne, ba a kuma sayo wani shahararren ɗan wasa ba. Garin kawai aka dawo.

A Amurka ma haka. Chicago Fire ta koma Bridgeview a 2006, wani gari a gefen Shikago, inda aka gina mata fili nata na kanta, daidai ƙwallon ƙafa. A takarda babu abin da ya fi wannan. Amma jirgin cikin gari ba ya kaiwa ƙofar filin, matasan da ke zaune a tsakiyar birni kuma, waɗanda su ne ƙashin bayan kallon ƙwallo a can, da yawansu ba su da mota. 'Yan kallo suka yi ta raguwa. A 2019 ƙungiyar ta amince ta biya sama da dala miliyan 60 don kawai a sake ta daga yarjejeniyar haya, ta koma Soldier Field a cikin birni, filin da ba nata ba, wanda kuma aka tsara don wani wasan daban. Ku duba fa: biya aka yi don a bar sabon gida a koma haya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da za ku ce, kuma ina so in riga ku faɗa, don kada a ce na ɓoye abin da bai dace da ra'ayina ba. Za ku ce Bayern Munich fa? Tun 2005 take wasa a Allianz Arena, can gefen arewacin birnin, bakin babbar hanya, kuma kujeru 75,000 ɗin nan ba sa kwana babu mai su. Haka ne. Amma abu biyu. Na farko, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U6 yana ɗauko mutum daga tsakiyar Munich ya sauke shi a tashar da ke kusa da filin, ba canji, ba cunkoson titi. Na biyu, Bayern ce. Ƙungiyar da ke ɗaukar kofi kusan duk shekara tana da masu jiran tikiti fiye da kujerunta, in wani ya gaji wani zai maye gurbinsa. In kuna son sanin abin da wannan fili yake yi wa ƙungiyar da ba Bayern ba, ku tambayi ƙungiyar 1860 Munich, wadda suka shiga filin tare. Ta yi shekaru tana wasa a rukuni na biyu cikin ƙaton fili da ya yi mata yawa, ga nauyin kuɗi. Da ta faɗi a 2017 ta koma tsohon gidanta na Grünwalder a unguwar Giesing, kuma a rukuni na huɗu mutane suka riƙa cika shi. Mafi yawanku, ranku ya daɗe, kun fi kusa da 1860 fiye da Bayern, ko da ba za ku so jin haka ba.

Ba kuma cewa nake kowace ƙaura kuskure ba ce. Arsenal da duniya ta sani a yau ƙaura ce ta haife ta. Asalinta ƙungiyar ma'aikatan masana'antar makamai ce a Woolwich, kudu maso gabashin Landan, wurin da ke da wuyar zuwa a wancan zamani, 'yan kallo kaɗan, aljihu babu nauyi. A 1913 Henry Norris, wanda ke riƙe da ragamar ƙungiyar, ya tsallaka da ita kogin Thames zuwa Highbury, kuma babban abin da ya ja shi shi ne unguwa ce mai cike da jama'a, ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a bakin ƙofa. A 1932 har sunan tashar aka canja daga Gillespie Road zuwa Arsenal. Wato shi wajen mutane ya nufa, bai guje su ba. Da Highbury ta yi musu kaɗan, kujeru kusan 38,000, sai suka sha wahalar neman wuri a cikin unguwar, suka gina Emirates mai ɗaukar 60,000 a 2006, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga tsohon. Mutum zai sauka a tashar da kakansa ke sauka, ya bi titin da ya saba, sai dai a ƙarshe ya karya wata kwana daban. Tottenham ma a 2019 kan tsohon wurinta ta gina, Athletic Bilbao kuma a 2013 jikin tsohon San Mamés ta kafa sabon. Ya fi tsada, ya fi ciwon kai, amma ba wanda ya ce musu an raba shi da gida.

Labarin Juventus kuwa yana da wani darasi na daban, kuma dole in kawo shi ko da ya ɗan rage wa hujjata kaifi. An gina Stadio delle Alpi don gasar cin kofin duniya ta 1990, a gefen birnin Turin, mai ɗaukar kusan 69,000. Mutane suka ƙi shi. Ga nisa, ga sanyi, ga zagayen masu tsere da ya raba 'yan kallo da 'yan wasa har sai ka ƙanƙance ido kafin ka gane lambar riga. Ƙungiyar da ta fi kowace yawan magoya baya a Italiya, da Zidane da Del Piero a cikinta, tana wasa rabin fili babu kowa. A wani wasan kofin Italiya da Sampdoria a kakar 2001/2002, mutum 237 ne suka shiga. Daga baya aka rushe shi, aka gina ƙarami mai kujeru kusan 41,000 a daidai wurin, aka buɗe a 2011, aka jawo kujeru har bakin layi, sai ga fili yana cika. Wurin bai motsa ko taku ɗaya ba. Abin da na fahimta a nan shi ne mutum yana auna wahalar hanya da abin da zai tarar in ya isa. Idan kun sa shi ya yi doguwar tafiya, sannan ya zo ya zauna can nesa kamar mai leƙen bikin maƙwabta, kun haɗa masa zafi biyu.

West Ham ta ɗanɗana irin wannan. A 2016 ta bar Boleyn Ground, gidanta tun 1904, ta koma filin da aka gina don wasannin Olamfik na 2012 a Stratford. Nisan bai kai a yi kuka ba, kilomita biyar ne ko ƙasa da haka, kuma ta fuskar jiragen ƙasa sabon wurin ya fi tsohon nesa ba kusa ba. Yawan 'yan kallo ya tashi daga kusan 35,000 zuwa sama da 55,000. A lissafinku an ci riba. To me ya sa a Maris na 2018, a wasa da Burnley, magoya baya suka kutsa cikin fili, wani ya tuge tutar kusurwa ya kai ta tsakiyar da'ira, ɗaruruwa kuma suka taru ƙarƙashin mazaunin shugabanni suna zagi? Rashin nasara na ciki, ba shakka. Amma abin da suka yi ta nanatawa shi ne an ɗauke su daga titunan da suka sani, masu shaguna da wuraren zama da suka saba haɗuwa kafin wasa, an kai su tsakiyar wani fegi kusa da katafaren kanti, an kuma rushe tsohon an yi gidaje. Yawan kai daban, goyon baya daban. Kuna iya cika kujeru da masu yawon buɗe ido, amma ranar da ake cin ku biyu da nema, ba su ne za su tashi su yi ta rera waƙa har 'yan wasa su farfaɗo ba.

Wani zai ce ai yanzu kuɗin talabijin ne ke riƙe ƙwallo, kuɗin ƙofa ƙari ne kawai. A manyan gasanni ƙalilan haka ne, amma a ƙananan rukunai kuɗin tikiti shi ne abincin yau da gobe. Ko a saman ma, me talabijin ɗin ke sayarwa? Mun gani a 2020, lokacin annobar korona, da aka buga wasanni ba 'yan kallo. Kana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo da ihun koci kamar ana atisaye. Har gidajen talabijin suka koma sa muryoyin 'yan kallo da aka naɗa tun da, don kada abin ya yi lami. Alfarmar wasa a gida ma ta ragu a gasanni da dama, ƙungiyoyin baƙi suka riƙa cin wasa fiye da yadda aka saba. Ihun nan da kuke ɗauka kyauta ne, maki yake kawowa, kuma mutanen da suka iya isowa ne ke yin sa.

Akwai kuma abin da nake so ku ji tsoro, ko in ce ku girmama: magoya baya ba sa mantuwa, kuma in aka ƙure su suna da ƙarfin da ba ku zata ba. A 1985 shugabannin Charlton Athletic suka rufe filinsu, The Valley, suka koma zaman haya a filin Crystal Palace. Ba wani nisa ne na a zo a gani ba, duk kudancin Landan ne, amma mutane da yawa suka ƙi bi. Tsohon filin ya zama kango, ciyawa ta fi mutum tsayi. A 1989 magoya baya suka fito da kansu suka share shi, suka tara tarkace suka cinna wuta a tsakiyar fili. Da ƙaramar hukumar Greenwich ta ƙi ba da izinin gyara, sai suka kafa jam'iyyar siyasa sukutum, Valley Party, suka tsayar da 'yan takara 60 a zaɓen 1990. Manufarsu ɗaya ce tal, a mayar da ƙungiya gida. Ba su ci kujera ko ɗaya ba, amma sun sami ƙuri'a 14,838, abin da ya isa ya girgiza 'yan siyasar yankin. Izini ya fito. Ranar 5 ga Disamba 1992 Charlton ta dawo The Valley ta ci Portsmouth ɗaya mai ban haushi. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai in ji tsigar jikina ta tashi: mutanen da ba ruwansu da siyasa, direbobi da malamai da masu shago, suna bi gida gida suna neman ƙuri'a saboda wani fili mai ciyawa.

Na Wimbledon ya fi muni. A Mayun 2002 wani kwamitin mutum uku ya amince, biyu da ɗaya, a ɗauke ƙungiyar da ta ci kofin FA a 1988 a kai ta Milton Keynes, kusan kilomita 90. Magoya baya suka ce a sauka lafiya. Cikin 'yan kwanaki suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka kira gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa, suka fara daga rukuni na tara. Cikin shekara tara suka hau har gasar ƙwararru, a 2020 kuma suka buɗe sabon fili a Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon yake. Waɗanda suka tafi sun tafi da lasisi da 'yan wasa, sai dai ko sunan ba su iya riƙewa ba, a 2004 suka zama MK Dons. A Ajantina, San Lorenzo ta rasa filinta na unguwar Boedo a 1979, zamanin mulkin soja, aka gina katafaren kantin Carrefour a wurin. Tun 1993 tana da wani filin a wata unguwar, amma jikokin waɗanda aka kora ba su haƙura ba. Suka yi ta zanga-zanga har majalisar birnin Buenos Aires ta yi doka a 2012, suka yi karo-karo, kowa ya biya kuɗin murabba'in mita gwargwadon ƙarfinsa, a 2019 wurin ya dawo hannunsu. Shekara arba'in ke nan. Yawancin masu wannan fafutuka ba su taɓa kallon wasa ko ɗaya a tsohon filin ba.

To me nake roƙo? Kafin komai, ku duba ko za a iya gyara inda ake, ko a gina a kusa, kuma ku duba da gaske, ba duban cika sharaɗi ba. Magoya bayan Union Berlin sama da dubu biyu ne suka ba da ƙarfinsu kyauta a 2008 da 2009 suka sake gina filinsu da hannunsu. Mutane na iya ɗaukar nauyin da ba ku taɓa tambayarsu ba, in dai sun san gida za a zauna.

In kuma ƙaurar ta zama dole, kada ku sayar da tsohon kafin sabon ya tsaya da ƙafarsa. Brighton ta yi wannan ganganci, aka sayar da filinta Goldstone Ground babu inda za a koma, ta bar shi a 1997, magoya baya suka yi kaka biyu suna tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Gillingham don kallon wasan da ake kira na gida, sannan shekara goma sha biyu a wani ƙaramin filin tsere. Sai 2011 suka sami nasu a Falmer. Abin lura, shi ma a gefen gari yake, amma tashar jirgin ƙasa na jikinsa, kuma aka haɗa kuɗin bas da jirgi na yankin cikin tikitin wasa, kamar yadda ƙungiyoyin Jamus da yawa suka daɗe suna yi. Fili ya cika, a 2017 suka hau Firimiya. Saboda haka ku daina gaya mana nisa da kilomita. Ku gaya mana da minti: daga unguwannin da masu tikitin kaka suka fi yawa, minti nawa ne zuwa, minti nawa ne dawowa, a daren aiki, ga wanda ba shi da mota. Kuna da adireshinmu duka a kwamfutocinku, lissafin ba zai ɗauki mako guda ba. Ku buga shi kowa ya gani. Yarjejeniyar sufuri kuma a sa mata hannu kafin a haƙa harsashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mun sha jin "za a kawo layin jirgi nan gaba" har yaran da aka yi wa alkawarin suka yi gemu. Wannan ɓangaren ya shafi hukumomin birane ma, masu ba da fili a inda ba kowa don su ce sun kawo ci gaba.

Sannan ku tambaye mu tun ana shawara, ba bayan an gama ba. Taron da ake kiran magoya baya a nuna musu hoto a ce su tafa ba shawara ba ne. Everton ta taɓa ba magoya bayanta ƙuri'a a 2007 kan komawa Kirkby, wajen iyakar birnin Liverpool. Mafi rinjaye sun amince, wasu suka yi ta adawa, gwamnati kuma ta ƙi amincewa da shirin a 2009. Ƙarshenta a 2025 ƙungiyar ta bar Goodison Park ta koma bakin ruwa a cikin birnin. An ɓata shekaru, an yi ta cacar baki, amma aƙalla an yi musun a fili, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Mu ba ma tsoron a kayar da mu a ƙuri'a, abin da ke mana ciwo shi ne mu ji labari a rediyo.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, kuma ba zai ci ku ko sisi ba. Kafin ku sa hannu kan kowace takarda, ku zaɓi wata Laraba. Ku sallami direba, ku bar makullin mota a ofis. Ku same ni a ƙofar tsohon fili ƙarfe shida na yamma, kowannenku ya zo da yaro ɗan shekara tara ko goma, ɗansa ko jikansa. Mu kama hanya zuwa wurin da kuke son ginawa, da irin abin hawan da kowa ke hawa. In mun isa mu tsaya a wurin har ƙarfe goma saura kwata, lokacin da alƙalin wasa zai busa tashi, sannan mu nemi hanyar gida. Ni zan biya kuɗin bas ɗin kowa.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai tikitin kaka, wanda har yanzu yake lallashin ɗansa su koma fili.